Ƙurajen da ba sa jin magani da ƙarin fankiriyas: yaushe ya kamata mu fara zargi?

Likitan Karkara:

Assalamu alaikum manyanmu. Tambayata a kan fata ce, amma cikin ciki ta nufa. A ƙananan asibitocinmu na wajen birnin Sakkwato muna yawan ganin manya da ƙuraje a matsematsi, mara, duwawu da ƙafafu, suna ɓarewa suna ɓawo, ga rama, ga harshe ya yi ja. Yawanci mukan ce ƙarancin abinci mai gina jiki ne ko makero, mu ba da bitamin da man shafawa. Littafi kuwa ya ce akwai wani ƙari (tsiro) na fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi mai daidaita suga da taimakon narkar da abinci, da ke fara bayyana a fata tun ciki bai yi ciwo ba. Ta yaya zan bambance wannan da felagira (cutar ƙarancin bitamin B3) ko ƙarancin zinki, alhali ba ni da komai sai awon suga, awon jini na yau da kullum da sikanin ciki? Wane mataki ne na farko, kuma yaushe zan tura mara lafiya UDUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato? In an gano, me ake yi wa fatar?

Likitar Fata:

Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da kake nufi shi ne gulukagonoma, ƙarin da ke tasowa daga ƙwayoyin alfa na fankiriyas, masu fitar da sinadarin gulukagon, wanda ke ɗaga sugan jini. Ƙurajensa su ne littattafai ke taƙaitawa da NME (necrolytic migratory erythema), wato ƙuraje masu ɗayewa da ke sauya wuri. Likita Becker ya bayyana su a 1942, Likita Wilkinson ya ba su suna a 1973. Cutar ba ta da yawa ko kaɗan, ƙiyasin da aka saba kawowa shi ne mutum 1 cikin miliyan 20 a shekara. Don haka abin da kake yi ba kuskure ba ne. Mafi yawan waɗanda kake gani felagira ce da ƙarancin zinki da makero. Matsalar tana tasowa ne idan aka ci gaba da ba da bitamin wata da watanni ba tare da an sa wa gwajin wa'adi ba.

Fara da wurin da ƙurajen suke. Felagira tana bin inda rana ke duka: zagayen wuya, bayan hannu, damtse zuwa inda hannun riga ya tsaya, da saman ƙafa. Iyakarta a fili take. NME kuwa ta fi son inda fata ke gugar fata ko tufafi ke matsawa: matsematsi, tsakanin duwawu, ƙasan mara, cinya, sangali, sai zagayen baki. Manomin da wuyansa da bayan hannunsa suke lafiya lau amma matsematsinsa ya ɗaye, wannan ba felagira ba ce sai an tabbatar.

Na biyu, yadda take tafiya. Tabo ɗaya yakan fara ja, tsakiyarsa ta yi bororo mara ƙarfi, ya fashe, ya yi ɓawo, ya warke ya bar baƙin tabo, duk cikin kwana 7 zuwa 14, yayin da gefensa ke ci gaba da faɗaɗa zuwa sabon wuri. Shi ya sa a jiki ɗaya za ka ga sabo da mai ɓawo da wanda ya warke a lokaci guda. A fatarmu jan ba ya fitowa sosai, yakan zama ruwan ƙasa mai duhu ko shuɗi-shuɗi. Kada ka jira ganin ja irin na hoton littafi. Ka duba gefen tabon da hasken rana, za ka ga fata tana ɗayewa siririya a baki-baki. Dabara mai sauƙi: ka zagaye tabo biyu da biro, ka ɗauki hoto da izinin mara lafiya, ya dawo bayan mako guda. Makero yana faɗaɗa a hankali kuma yana nan inda yake. NME za ka tarar ta bar cikin da'irar ta koma gaba.

Na uku, abin da ke rakiyar ƙurajen. Suga da ya fara kwanan nan ga mutumin da ke ramewa, galibi mara tsanani. Ƙarancin jini wanda girman ƙwayoyinsa yake daidai, ba irin na ƙarancin ƙarfe ba. Harshe ja santsi mai zafi, gefen baki a tsage, farce na karyewa. Ƙafa ɗaya ta kumbura saboda gudan jini a jijiya. Damuwa da mutuwar jiki, wani lokaci gudawa. Wanda ke da felagira ba shi da dalilin samun hauhawar suga. Wannan awon na ɗan yatsa da kake da shi a tebur shi ne ya fi komai amfani a nan.

Dalilin da ya sa cututtukan suke kama da juna shi ne, a can ƙasa tushensu ɗaya. Gulukagon mai yawa yana tilasta wa hanta ta yi ta mayar da amino asid zuwa suga, sai jini ya rasa su. Saman fata, wanda ke sabunta kansa kullum, shi ne ke fara jin yunwar. Wato mutum yana cin abinci amma fatarsa tana cikin ƙarancin abinci. Ko a madubin lab, felagira da ƙarancin zinki da NME kamanninsu ɗaya ne: kashi ɗaya bisa uku na saman fata ya koɗe ya mutu. Bayofsi, wato yanko ɗan naman fata a duba a lab, zai gaya maka dangin cutar, ba zai gaya maka wace ce a cikinsu ba. In za ka ɗauka, ka ɗauko daga gefen sabon tabo. Tsakiyar tsoho ba za ta nuna komai ba sai kumburi na gama-gari.

Ga yadda nake ganin ya dace a matakinka. Ka kankare gefen tabo a duba makero, domin a matsematsi sau da yawa kandida kan hau kan NME ta ruɗa mutum. Ka yi awon HIV da ciwon hanta nau'in B da C; nau'in C yana da nasa ƙurajen masu kama da waɗannan, amma a saman ƙafa da yatsu suke tsayawa. Ka tambayi maganin tarin fuka, domin isoniyazid yana jawo felagira. Sannan ka ba da nikotinamaid (bitamin B3) miligiram 100 sau 3 a rana, da zinki salfet miligiram 220 sau ɗaya ko biyu, da ƙwai, wake, gyaɗa, nono da nama gwargwadon hali. Felagira ta gaskiya tana nuna sauƙi da wuri: gudawa da ruɗewa cikin kwanaki, fata cikin mako 2 zuwa 3. In an kai mako 4 sababbin tabo suna ci gaba da fitowa, ko kuma tun ranar farko ka ga suga ya hau tare da rama, to a tura shi. Kuma a hana shi man nan mai haɗe-haɗe uku na kemis. Sitiroyid ɗin da ke ciki yana lafar da ƙurajen na ɗan lokaci, ya sirantar da fatar matsematsi, ya ɓata sakamakon bayofsi.

Tabbatarwa tana ga awon gulukagon na jini, mutum bai ci komai ba. Na mai lafiya ba ya wuce fikogiram 150 a kowace mililita. Sama da 500 abin zargi ne ƙwarai, sama da 1,000 kusan magana ta ƙare. Ɗan hawa kaɗan ana samunsa a ciwon ƙoda, ƙeƙashewar hanta, doguwar yunwa da cuta mai tsanani a jini, don haka 200 ko 300 ba hujja ba ce.

Likitan Fiɗa:

Hajiya ta gama magana a kan fata. Wuri guda nike da ja da ita: jerin aikin. A takarda gulukagon na farko, hoto na biye. A ƙasa wanga jeri shina cinye lokaci. Gulukagon sinadari ne mai saurin lalacewa. Sai an ɗebi jinin a kwalbar EDTA mai sanyi, an sa ta cikin ƙanƙara nan take, an juya an raba ruwan jinin da wuri, an daskarar da shi, kuma ya isa lab ɗin da ke awon yana daskare. In sanyin ya yanke a hanya, adadin zai fito ƙasa da gaskiya, likita ya ce babu komai. Sakamakon da anka samu daga jinin da ya sha zafin mota bai kore cutar ba.

Shi kuwa ƙarin, lokacin da fata ta fara magana ya riga ya girma. Yawanci ya wuce santimita 3, sau da yawa 5 ko fiye, kuma a jiki ko wutsiyar fankiriyas yake, can hagu kusa da saifa. Shi ya sa ba ya kawo shawara, domin bai kusa da bututun maɗaciya. Fiye da rabin masu shi ana gano su ne bayan ya kai hanta. Ƙari mai wanga girma hoto na ganinsa. Don haka ra'ayina: in zargi ya yi ƙarfi, a yi hoto kai tsaye, a nemi gulukagon in hali ya samu.

Sikanin da kake da shi, ƙanena, ka yi amfani da shi amma ka san iyakarsa. Iskar hanji da tumbi tana rufe wutsiyar fankiriyas. Mara lafiya ya zo bai karya ba, ya sha ruwa kofi 2 zuwa 3 don tumbi ya cika, a duba shi a zaune-zaune, sannan a leƙa ta gefen hagu ta cikin saifa. A duba hanta a tsanake. Rahoton da ya ce ba a ga fankiriyas da kyau ba, ma'anarsa ba a duba ba, kada ka karanta shi a matsayin lafiya.

In za ka rubuta takardar CT, kada ka rubuta hoton ciki kawai. Ka rubuta abin da kake zargi, ka nemi tsarin fankiriyas: yanka sirara, da ɗauka biyu bayan allurar rini, ɗaya wajen daƙiƙa 40, ɗaya wajen 70. Irin wanga ƙari jini ya yi masa yawa, shina haske a ɗaukar farko, a ta biyu yana iya sajewa da naman da ke kewaye. Haka ma ’ya’yansa da sunka kai hanta. A auna ƙoda kafin rinin, musamman ga mai shan metfomin.

Maganin fatar na gaskiya shi ne cire ƙarin. In ya tsaya wuri ɗaya, ana yanke jiki da wutsiyar fankiriyas, galibi tare da saifa. Gulukagon ya faɗi, ƙurajen su fara bushewa cikin kwanaki, su tafi cikin mako 1 zuwa 2. Ko ya kai hanta, rage yawansa na taimakon fata. Amma ba a gaggawar shiga da waɗannan mutane tiyata. Jikinsu ya zube, rauni ba ya haɗewa. A gyara abinci, a ba da oktiriyotayid, allurar da ke rage fitar gulukagon, a daidaita suga, a kare su daga gudan jini da enoksafarin miligiram 40 a rana, domin gudan jinin da ke tafiya huhu na cikin abin da ke kashe su. Bayan aiki abin tsoro shi ne yoyon ruwan fankiriyas daga inda anka yanke. Ana auna amiles, sinadarin narkar da abinci na fankiriyas, a ruwan robar da anka bari a wurin aikin a rana ta 3, in ya ninka iyakar na jini sau 3 to a bar robar.

Maganar saifa a nan ƙasarmu ba ƙarama ba ce. Muna cikin yankin sanƙarau, kowa ya tuna ɓarkewar 2017 ta nau'in C a Zamfara da Sakkwato. Wanda za a cire wa saifa a yi masa rigakafin nimoniya, sanƙarau da ƙwayar cutar Hib mako 2 kafin aiki, ko mako 2 bayansa in bai yiwu ba. Rigakafin sanƙarau na nau'in A kaɗai bai isa ba, a nemi mai haɗe da C, W da Y. Zazzaɓin cizon sauro ma yana yi masa tsanani fiye da kowa. Gidan sauro dole, kuma duk zazzaɓi a kai shi asibiti a ranar.

Abin da anka ciro, lab za ta ƙirga Ki-67, ma'aunin saurin hayayyafar ƙwayoyin ƙarin: ƙasa da kashi 3 mataki na 1, kashi 3 zuwa 20 mataki na 2, sama da 20 mataki na 3. A kansa ake gina sauran magani. Irin wanga ƙari a hankali yake tafiya, ko ya bazu ana iya shekaru da shi, don haka kada a gaya wa dangi abin da ake faɗa a kan kansar fankiriyas ta yau da kullum.

Likitan Karkara:

Allah ya saka da alheri, Hajiya da Yallaɓai. Saura ɗaya. Akwai kuma wanda na karanta na ƙulle-ƙulle masu zafi a sangali da ke fashewa. Shi ma gulukagon ne? A wajenmu irin wannan maruru za a ce, a tsaga.

Likitar Fata:

A'a, wannan daban ne, kuma tsagawar ita ce abin da ba a so. Narkewar kitsen ƙarƙashin fata ne, Chiari ya fara bayyana shi a 1883. Sanadinsa laifes, sinadarin da fankiriyas ke yi don narkar da mai a hanji. In ya kwarara cikin jini da yawa, sai ya narkar da kitsen jikin mutum a inda yake. Kitsen da ya narke ya haɗu da kalsiyam ya zama sabulu, kamar yadda mai da ruwan toka ke zama sabulun salo. Ana ganinsa ga wajen kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na masu ciwon fankiriyas, mafi yawa kumburin fankiriyas ne. A ɓangaren ƙari, wanda ya yi suna da shi shi ne kansar ƙwayoyin asina, masu yin sinadaran narkar da abinci, wadda ita kanta ba ta wuce kashi 1 zuwa 2 na ƙarin fankiriyas a manya ba.

Ƙulle-ƙullen suna farawa a sangali da idon sawu, su hau cinya, duwawu, ciki da hannu. In sun wuce ƙafa sun bazu, suna ta fashewa, zargin kansa ya fi na kumburi ƙarfi. Abin da ke fita ba mugunya ba ce. Ruwa ne mai maiƙo, ruwan ƙasa, mai kauri, ba wari, kuma in an shuka shi a lab ba ya tsirar da komai sai in ƙwayar cuta ta shiga daga baya. Gaɓoɓi na kumbura, musamman idon sawu, har a ɗauka ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓa. In ka ga ƙulle-ƙulle da ciwon gaɓoɓi da yawan ƙwayoyin iyosinofil (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini) a jini tare, wannan haɗin alama ce ta ƙari, kuma ba alama mai kyau ba. Sai dai a nan tsutsar ciki ma tana ɗaga iyosinofil, kada ka dogara da shi shi kaɗai. Fata tana iya riga ciwon ciki da makonni ko watanni.

Abokan ruɗaninsa a Sakkwato uku ne. Ƙullin eritima nodosum yana gaban sangali, yana zafi, amma ba ya fashewa. Na tarin fuka ya fi zama a bayan ƙafa, a sha-raɓa, kuma yana gyambo. Sai ƙullin da ke tasowa ga mai kuturta, tare da zazzaɓi da kaurin jijiyoyi. A duba kunne da gira, a tsaga fata kaɗan a ɗauki samfur. Duk waɗannan sun fi wanda muke magana yawa nesa ba kusa ba.

Awon da ke raba gardama mai araha ne: laifes na jini. Ka nemi laifes da sunansa, domin amiles yana iya zama daidai. A kansar asina laifes yakan kai dubbai, har ya wuce 10,000. Ka auna kalsiyam, yana iya sauka. Bayofsi kuma ya zama yanka mai zurfi da ya ɗauko kitse sosai. Ƙaramar na'urar huda ta milimita 4 ba ta kaiwa inda cutar take. Rabi a fomalin, rabi a ruwan gishiri don awon tarin fuka da shuka. A madubi ana ganin ƙwayoyin kitse da suka mutu suka bar bangonsu babu ƙwayar tsakiya, kuma wannan kamannin nasa ne shi kaɗai.

Sitiroyid da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba sa warkar da shi. A wanke da ruwan gishiri, a rufe da bandejin da ba ya mannewa, a ɗaga ƙafa, a ba da maganin zafi na gaske. A ja kunnen dangi kan sakiya da ƙaho, domin kowace huda gyambo ce da ba ta haɗewa. Yana lafawa ne in laifes ya sauka, ta hanyar cire ƙarin ko kemo.

Tunda muna kan ƙafa: jijiya ta saman fata da ta yi tauri ta yi zafi, ta warke a hannu ta ɓullo a ƙafa ko ƙirji ba tare da an sa allura a wurin ba, ita ce alamar da Likita Trousseau ya bayyana a 1865, wato gudan jini mai yawo a jijiyoyi. Kansar fankiriyas da ta tumbi ne kan gaba wajen kawo ta. Wafarin yakan gaza a nan, enoksafarin miligiram 1 ga kowane kilo sau 2 a rana ya fi. Ƙulli mai tauri a cibiya kuma a ɗauke shi a matsayin kansa da ta bazu har sai bayofsi ya ce a'a.

Famasis:

Salamu alaikum. Zan ƙara kan oktiriyotayid, domin a nan ake asarar kuɗi. Yana hana ƙarin fitar da gulukagon, kuma NME takan fara sauƙi cikin kwanaki zuwa mako 2. Ana farawa da mai gajeren aiki, maikirogiram 50 zuwa 100 a ƙarƙashin fata sau 2 ko 3 a rana, a ƙara gwargwadon amsawa. In ya karɓa, a koma mai dogon aiki, Sandostatin LAR miligiram 20 zuwa 30 a tsokar duwawu duk mako 4, ko lanriyotayid miligiram 120 can ƙarƙashin fata duk mako 4. A allurar LAR ta farko a ci gaba da mai gajeren aiki har mako 2, domin ba ta kai ƙarfinta da wuri. Masu tsayar da shi a ranar sukan ga ƙurajen sun dawo su ce maganin jabu ne.

Ajiya a firji, digiri 2 zuwa 8. Ƙananan kwalaben suna jure mako 2 a waje in zafi bai wuce digiri 30 ba kuma ba haske. Ɗakin Sakkwato a watan Afrilu ya wuce haka nesa, don haka wannan rangwamen ba namu ba ne. Wanda ba shi da wuta tsayayya ya bar maganinsa a firjin rigakafi na asibitin kusa da shi, in za su karɓa. LAR kuma a fito da shi minti 30 zuwa 60 kafin haɗawa, a yi allurar nan take bayan an haɗa. In aka ajiye sirinji ana neman auduga, garin ya kwanta ya toshe allura.

Illolinsa: murɗawar ciki, bayan gida mai maiƙo, tsakuwar maɗaciya in an daɗe, da sauyin suga sama ko ƙasa. Mai insulin ya riƙa aunawa sosai a makon farko. Inda babu oktiriyotayid, ƙarin ruwa na amino asid da na mai ta jijiya yana lafar da fatar, amma takan dawo bayan an tsaya, sai an maimaita.

In ƙarin ya bazu, akwai eberolimus miligiram 10 a rana da sunitinib miligiram 37.5 a rana, duka an amince da su a Amurka a 2011, sai maganin lutetiyam 177 a 2018, allura 4 duk mako 8. Kowanne da tasa matsalar fata. Eberolimus gyambon baki yake kawowa a makonnin farko. Kurkure baki da ruwan deksametason, miligiram 0.5 a mililita 5, a ɗauki mililita 10 sau 4 a rana, minti 2, a tofar, yana rage shi sosai in an fara tun ranar farko. Sunitinib yana sa fata ta yi ɗorawa, gashi ya yi fari, tafin ƙafa ya yi kanta mai zafi a inda nauyi ke sauka. Launin maganin ne, farin ido ba ya canzawa. In ido ya yi ɗorawa a auna hanta. Erlotinib, wanda ake haɗawa da jemsitabin a kansar fankiriyas ta yau da kullum, yana fitar da ƙuraje masu kama da na balaga a fuska da ƙirji cikin mako 1 zuwa 2. Man ƙurajen balaga yana ƙara busar da su. Doksisaikilin miligiram 100 sau 2 a rana, haidirokotison kashi 1, da man jiki mai kauri. Doksisaikilin yana sa rana ta ƙona fata, to malafa da doguwar riga.

Nas, Ɗakin Kemo:

Ranku ya daɗe. Abu biyu daga ɓangarenmu.

Na farko, ƙwayar kemo ta kafesitabin da ciwon tafin hannu da ƙafa da take kawowa. Takardar auna tsananinsa ta ce a nemi ja. A fatarmu abin da ke fara fitowa duhu ne a tafi da layukan yatsu, da jin tsira ko zafi-zafi, sannan kauri, tsagewa da ɗayewa. In an jira ja, sai an kai ga mutum ba ya iya taka ƙasa. A kowane zuwa a buɗe tafin a duba, a tambaya ko yana iya ɓalla maɓalli da riƙe kofi. Mata su dakata da lalle lokacin magani, yana rufe abin da muke son gani. Man yuriya kashi 10 sau 2 zuwa 3 a rana tun daga ranar farko. Ban da tafiya ba takalmi a yashi mai zafi ko simintin harabar masallaci da azahar, ban da daka, surfe da wanki da ruwan zafi. Alwala da ruwa mai sanyi ba laifi, a shanya a shafa mai. In akwai zafi da ke hana aiki, a dakatar da ƙwayar a kira likita, a dawo da ita in ya lafa, sau da yawa da ragi. Bitamin B6 ba ya hana shi. Wanda kuma ya fara gudawa mai tsanani da gyambon baki a kwanakin farko, ya tsayar da ita a kawo shi a ranar. Akwai masu gadon rashin sinadarin da ke narkar da maganin.

Jemsitabin kan sa ƙafafu biyu su kumbura su yi zafi kwana ɗaya zuwa biyu bayan ƙarin ruwa, ba zazzaɓi. In duka biyu ne daidai da daidai, galibi maganin ne. In ɗaya ce, a yi sikanin jijiya kafin komai.

Sai ƙaiƙayin shawara, ga wanda ƙarin kan fankiriyas ya toshe bututun maɗaciya. Shi ne ya fi duk waɗanda aka lissafa yawa a ɗakinmu. Babu ƙurji, sai sawun susa, ya fi tsanani da dare a tafin hannu da ƙafa, ga fitsari baƙi da bayan gida fari. Firiton barci kawai yake sa su. Kolestiramin giram 4 yana aiki ne in ɗan ruwan maɗaciya na sauka hanji. In bututun ya toshe gaba ɗaya ɓata kuɗi ne, kuma a raba shi da sauran magunguna da awa 4. Abin da ke kashe ƙaiƙayin shi ne buɗe hanya da bututu ko tiyata. Rifamfisin miligiram 150 yana taimako, amma sai an tabbatar babu tarin fuka kuma ana auna hanta, kuma yana rage ƙarfin wasu magunguna, har da masu tsinka jini na baki. A yanke farce, a yi wanka da ruwa mai sanyi, a bar soso mai kaushi da sabulun magani. In an ga shatar jini a ƙarƙashin fata ko dasashi na zubar jini, a auna daskarewar jini a ba da bitamin K miligiram 10 ta allura kwana 3 kafin a taɓa shi da kowane irin aiki.

Likitan Fiɗa:

Ƙanena, in za ka turo, ka haɗo da hotunan fatar masu kwanan wata, nauyinsa na farko da na yanzu, sakamakon suga, da sunan duk abin da anka shafa ko anka sha, har na gargajiya. Ka rubuta takarda ɗaya zuwa ɓangaren fata da fiɗa tare, kada ya yi wata guda tsakanin layi biyu. In ƙafa ɗaya ta kumbura ko numfashi na yi masa wuya, ta ɗakin gaggawa zai shigo, ba ranar kilinik ba.